Samuel Ajayi Crowther, malamin makaranta da ya zama babban limami

Yaron Osogun

A kudu da Nijar, cikin Najeriya ta yanzu, akwai ƙasar Yarabawa. Can aka haifi Ajayi wajen shekara ta 1809, a wani gari mai ganuwa da ake kira Osogun. Ubansa manomi ne, kuma yana taɓa saƙa.

Lokacin nan ƙasar Yarabawa ba ta zaune lafiya. Daular Oyo, wadda ta daɗe tana riƙe da garuruwa, ta fara rushewa. Yaƙi ya ɓarke ko'ina. Yaƙin kuwa ya zama hanyar samun bayi, don akwai Turawa a bakin teku da jiragensu, suna jiran su saya.

Wata rana da safe, farkon shekara ta 1821, mata suna cikin girki, sai aka ji kururuwa. Mayaƙa sun kewaye garin. Kafin rana ta take sun shigo, sun sa wa gidaje wuta. Aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata biyu, aka ɗaura musu igiya a wuya. Shekarunsa ba su wuce 13 ba. Tun daga ranar bai sake ganin ubansa ba.

Wanda ya fara mallakarsa ya ba da shi, ya karɓi doki. Dokin bai yi masa daɗi ba, sai ya mayar da shi, ya karɓo yaron. Bayan ƴan watanni aka raba shi da uwarsa, aka kai shi kasuwa. Daga nan ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu, wani lokaci a kan kuɗi, wani lokaci a kan taba da barasa. Kullum ana ƙara yin kudu da shi. Yaron ya lura da wani abu a hanya: duk garin da aka kai shi, maganar mutane tana ɗan sakewa, har ya kai inda da ƙyar yake gane abin da ake faɗi.

A ƙarshe aka sayar da shi ga Turawan Fotugal a Ikko, garin da ake kira Legas. Ya yi watanni cikin sarƙa. Cikin watan Afrilu na 1822 aka zuba shi cikin jirgin ruwa tare da mutane sama da 180, za a ƙetare teku da su.

Jirgin bai yi nisa ba. Tun shekara ta 1807 Ingila ta hana wa mutanenta cinikin bayi, bayan ta daɗe tana cin ribarsa, kuma ta sa jiragen yaƙi suna gadi a bakin tekun Afirka. Biyu daga cikinsu suka tare jirgin Fotugal, suka kwashe mutanen da ke ciki.

Ajayi bai san ƴanci ya samu ba. A ganinsa daga hannun wani Bature ya faɗa hannun wani. Da ya hau jirgin Ingila, ya ga nama a rataye, ya ga wasu baƙaƙen abubuwa masu kama da kai a jere. Ya ɗauka an yanka ƴan uwansa ne. Sai daga baya ya gane naman alade ne da harsasan igwa. Shi da kansa ya rubuta wannan labari bayan ya girma.

Allo da alli a Saliyo

Cikin watan Yuni na 1822 aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo. Ku duba taswira, za ku ga nisan wurin da ƙasar Yarabawa. Nan ake kawo duk waɗanda aka ƙwato daga jiragen bayi. Saboda haka garin ya cika da harsuna. Akwai Yarabawa, da Ibo, da Nufawa, da Hausawa, da Barebari. Wani malami Bajamushe mai suna Koelle ya tattara kalmomin harsuna sama da 100 a wurin, ba tare da ya bar Saliyo ba.

Aka kai Ajayi ƙauyen Bathurst, aka damƙa shi ga malaman wata ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Ingila, wadda ake taƙaita sunanta CMS. Aka sa shi makaranta. Bai san ko baƙi ɗaya ba, bai kuma ji Ingilishi ba. Amma bayan wata shida yana iya karanta Linjila. Malamai suka ga ƙwazonsa, suka sa shi yana biya wa ƙananan yara karatu. In an tashi makaranta kuma yana koyon aikin katako.

Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, wato ya shiga addinin Kirista. Ya ɗauki sunan wani limamin Landan, Samuel Crowther. Sunansa na yanka kuwa bai yar da shi ba. Shekara mai zuwa aka tafi da shi Ingila, ya yi ƴan watanni a wata makaranta ta unguwar Islington. Da ya komo cikin 1827, CMS ta buɗe makarantar horon malamai a Fourah Bay, kusa da Firitawun. Sunan Ajayi ne na farko cikin littafin rajista. Makarantar nan ita ce daga baya ta zama babbar kwaleji, wadda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma da yawa suka yi karatu a cikinta.

Ya auri wata yarinya mai suna Asano. Ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta, ita ma ta yi karatu ta zama malama. Sun zauna tare shekara hamsin.

Cikin 1830 aka ba shi makarantar ƙauyen Regent. Bayan shekara biyu aka mai da shi Wellington. Cikin 1834 ya koma Fourah Bay, wannan karo yana koyarwa.

Littattafan tarihi ba su cika tsayawa kan waɗannan shekaru ba, don babu yaƙi ciki, babu tafiya mai nisa. Amma a nan ne mutumin ya ginu. Yaran da ke gabansa yawancinsu irinsa ne: an raba su da iyaye, an sauke su ƙasar da ba su sani ba, kowa da harshensa. Malami yana magana da Ingilishi, yaro yana kallon bakinsa. Yana iya maimaita abin da aka faɗa kamar aku, amma ma'ana ba ta shiga ba. Ajayi ya san wannan wahala, don ya sha ta. Sai ya shiga sauraren yadda yaran suke magana tsakaninsu. Ya koyi harshen Temne, na mutanen ƙasar. Da dare, in ya gama duba aikin ɗalibai, yana karatun Girkanci da Latin don kansa. Ya fara rubuta kalmomin Yarabanci cikin wani littafi, ɗaya bayan ɗaya, yana neman baƙaƙen da za su dace da su.

Ya yi sama da shekara goma a haka. Mutane sun san shi da malami, kuma da alama shi ma ya ɗauka a nan zai tsufa.

Kogin Kwara

Cikin 1841 gwamnatin Ingila ta shirya tafiya cikin kogin Kwara. Shi ne kogin da ya ratsa Yamai da Gaya kafin ya shiga Najeriya ya faɗa teku. Nufinsu su ƙulla alkawari da sarakuna, a bar sayar da mutane, a koma sayar da auduga da manja. Jirage uku masu tururi suka tashi. CMS ta sa mutum biyu cikin tafiyar: wani limami Bajamushe mai suna Schön, da malam Ajayi. An nemi su koyi Hausa, don an san duk wanda ya iya ta zai sami abokin magana a kasuwannin bakin kogi.

Tafiyar ba ta yi kyau ba. Masassarar cizon sauro ta kama Turawa, sama da 40 suka mutu, sauran suka juya. Lokacin ba a san sauro ne ke kawo ciwon ba. Ajayi ya yi jinyar marasa lafiya, ya yi tafinta, kuma kowace rana yana rubuta abin da ya gani. Aka buga rubutunsa tare da na Schön a Landan cikin 1842.

Shi Schön bai rabu da Hausa ba har ƙarshen ransa. Ya wallafa nahawunta da ƙamus. Wanda ya fi taimakonsa wani yaro ne mai suna Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Shi ma an taɓa kama shi bawa, aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai cikin 1855. Labaran da Dorugu ya bayar suna cikin littafin Schön mai suna Magana Hausa, na shekara ta 1885.

Schön ya rubuta wa shugabannin CMS cewa Turawa ba za su iya aikin kogin nan ba, sai ƴan Afirka, kuma ga mutumin da ya dace. Aka kira Ajayi Landan, ya ƙara karatu. Cikin 1843 aka naɗa shi limami. Shekarunsa wajen 34, yana da mata da ƴaƴa, shekara 21 bayan an fitar da shi daga cikin jirgin bayi. Cikin wannan shekara kuma aka buga littafinsa na farko na kalmomin Yarabanci.

Bayan ya komo Firitawun, cikin farkon 1844 ya hau mumbari ya yi wa'azi da Yarabanci. Mutanen da suka daɗe ba su ji an yi musu jawabi da harshensu a bainar jama'a ba suka cika majami'a.

Komawa gida

Yarabawan Saliyo da yawa sun fara komawa ƙasarsu, musamman wani sabon gari mai suna Abekuta. Suka roƙi a aiko musu da malamai. Aka tura Ajayi da iyalinsa, tare da Turawa biyu, Townsend da Gollmer. Suka sauka Badagari cikin 1845. Hanya ba ta da lafiya, sai da suka jira shekara ɗaya da rabi kafin su shiga Abekuta cikin watan Agusta na 1846.

Bai yi wata ɗaya a garin ba aka zo masa da wata tsohuwa. Uwarsa ce, Afala. Rabonsu shekara 25. Ita ma ta sha bauta, an fanshe ta. Suka riƙe juna suna kallo, suna hawaye, maganar kirki ta gagara. Ta kira shi da sunayen da kakarsa take kiransa da su yana ƙarami. Daga baya ya gano ƙannensa mata, ya taimaka aka fanshe su da ƴaƴansu. Tsohuwar ta zauna wurinsa, ta yi tsawon rai ƙwarai, sai cikin 1883 ta rasu.

A Abekuta ya buɗe makaranta, shi da matarsa. Nan ya tsunduma cikin aikin da ya fi kowane daɗewa a bayansa, wato rubuta Yarabanci.

Aikin ba shi da sauƙi. Baƙaƙen boko an yi su ne don harsunan Turai. Yarabanci yana da sautukan da babu su cikin Ingilishi, kuma yana da karin sauti. Mai jin Hausa ya san wannan abu. Kuka na mai hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya ne, murya ce ke raba su. A Yarabanci abin ya fi haka yawa. Kalmar igba, in an ɗaga murya a ƙarshe, ƙwarya ce. In an sauke murya, lokaci ne. In an bar ta a tsakiya, ɗari biyu ce. In ba a nuna wannan a rubuce ba, yaro zai karanta ƙwarya inda ake nufin lokaci. Ajayi ya nace a riƙa sa ƴan alamomi bisa wasula don nuna hawa da saukar murya. Shi da abokan aikinsa suka daidaita kuma a kan ɗigo a ƙarƙashin wasu baƙaƙe. An yi gardama mai tsawo kafin a yarda, har da masana na Turai.

Kalmomi kuwa ba a ɗaki ya zauna ya ƙago su ba. Yana zuwa kasuwa, yana zama wurin tsofaffi, yana sauraren masu shari'a a fada. Yana tambayar malaman Musulmi kalmar da suke amfani da ita in suna maganar addu'a ko mala'ika. Yana tambayar masu addinin gargajiya su ma. In ya ji karin magana, sai ya ciro takarda ya rubuta. Cikin 1852 ya fitar da nahawu da ƙamus wanda ya fi na farko girma, cike da karin magana. Ya ja gaban fassarar Littafi Mai Tsarki, aikin da ya ci shekaru wajen 40. Cikin 1859 har jarida aka fara bugawa da Yarabanci a Abekuta, don an sami masu karanta ta.

Wani dare cikin 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Takardun da ya yi shekara 11 yana tarawa, na kalmomi da karin magana, suka ƙone ƙurmus. Abin ya yi masa zafi fiye da asarar kaya. Ya sake ɗauko takarda ya fara daga inda ya iya tunawa.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa. Cikin 1851 ya je Ingila, ya gana da sarauniya Biktoriya da manyan gwamnati. Ya yi musu bayanin cinikin bayi da ake yi a Ikko, ya nemi a hana. Ƙarshen wannan shekara jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa Ikko wuta, suka tuɓe sarki Kosoko. Cinikin bayi ya ja baya, gaskiya ne. Amma bayan shekara goma Ingila ta haɗiye garin gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ɗanɗana sarƙa ba a yi mamaki ba in ya nemi taimako ko daga ina. Sai dai mai taimakon ya shigo, bai fita ba.

Makarantu a bakin kogi

Cikin 1854 ya sake shiga Kwara tare da wani likita mai suna Baikie. Suka bi Binuwai, suka yi nisa. Wannan karo kowa yana shan kinin kullum, kuma ba wanda ya mutu. Cikin 1857 suka koma, da niyyar kafa tashoshi. A Anaca, ƙasar Ibo, ya bar wani limami mai suna Taylor, wanda iyayensa Ibo ne da aka ƴanta a Saliyo. Ya bar masa ɗan littafin koyon karatu da harshen Ibo, wanda ya shirya kafin su taso.

Suka ci gaba zuwa arewa. Kusa da Jaba jirginsu ya daki dutse ya fashe. Suka zauna a bakin kogi wajen shekara guda suna jiran wani. Ajayi bai zauna banza ba, ya shiga koyon Nufanci. Cikin 1860 ya fitar da littafin koyon karatu da harshen, cikin 1864 kuma nahawu da ƙamus.

Haka tsarinsa yake duk inda ya sauka. Ya fara gaida sarki, ya nemi izini. Ya nemi fili, a kafa rumfa, a tara yara. Sannan a rubuta ɗan littafi da harshen garin. Majami'a takan zo daga baya. Limamin bai daina zama malamin makaranta ba.

Shugaban CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ikilisiyar Afirka ƴan Afirka ne ya kamata su riƙe ta. Ya nemi a naɗa Ajayi bishop, wato babban limami mai shugabantar limamai na ƙasa guda. Wasu Turawan mishan suka ƙi, har da Townsend, abokin tafiyarsa zuwa Abekuta. Ba su yarda baƙin mutum ya shugabance su ba. Shi kansa Ajayi ya yi ta noƙewa, Venn ya matsa masa. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babbar majami'ar Canterbury. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya sami wannan matsayi cikin Ikilisiyar Ingila. Cikin taron akwai wani tsohon hafsan jiragen ruwa, wanda jirginsa ya ƙwato shi cikin 1822. Akwai kuma wata tsohuwa, matar malaminsa, wadda ta koya masa baƙaƙe a Saliyo.

Amma an yi dabara wajen shata masa ƙasa. An ba shi bakin Kwara, an bar Turawan da ke ƙasar Yarabawa a waje da ikonsa.

Ya yi shekara 27 yana hawa da sauka cikin kogi, daga bakin teku har ƙasar Nufe. Ma'aikatansa duka ƴan Afirka ne, yawanci daga Saliyo. Kuɗi kaɗan ne. Da farko ba shi da jirgin kansa, sai ya jira na ƴan kasuwa. A garin Bonny sarakuna suka yarda su biya rabin kuɗin makaranta. Abin da suke so shi ne ƴaƴansu su iya lissafi da Ingilishi, kada a cuce su wajen awon manja. Ajayi ya karɓi yaran a kan haka, ya koya musu abin da iyayensu suka nema, ya ƙara musu da nasa. Ya yi ta lallashin iyaye su kawo ƴan mata su ma. Ya yi faɗa da al'adar kashe tagwaye, ba da zagi ba, da nasiha da haƙuri.

Hanyar ba ta rasa haɗari ba. Cikin 1867 wani basarake kusa da Ida ya kama shi da ɗansa Dandeson, ya ce sai an biya fansa. Wani jami'in Ingila ya zo ƙwato su. Suka tsira, amma shi jami'in kibiya mai dafi ta same shi ya mutu.

A ƙasar Nufe sarakuna Musulmi ne. Ajayi yana zuwa Bida ya gaida sarki Masaba, su zauna su yi magana. In malamai sun yi masa tambaya kan addini, yakan amsa da abin da ke cikin littafinsa, ba ya zagin nasu. Bai sami mabiya da yawa a can ba, amma ya sami amana. Wani sarkin Nufe na baya, Maliki, ya aika masa da takarda da Hausa. Ya yi kukan barasar da ƴan kasuwar Turai suke shigowa da ita, wadda take lalata mutanensa, ya roƙe shi ya kai kukan gaban sarauniyar Ingila. Sarkin ya san ba addininsu ɗaya ba, amma ya san wanda zai riƙe saƙo.

A Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ya sa aka gina makarantar horon malamai. Burinsa ƴaƴan bakin kogi su karɓi aikin daga hannun mutanen Saliyo.

Ƙarshen kwana

Venn ya rasu cikin 1873. Zamani kuma ya sake. Ƙasashen Turai sun shiga rabon Afirka, kamfanin Ingila ya mamaye cinikin Kwara, ya ture ƴan kasuwa baƙaƙe. Turawan da suke zuwa yanzu da kinin a aljihu ba su ga dalilin barin shugabanci a hannun ɗan Afirka ba.

Aka fara kai ƙarar ma'aikatansa Landan. Wasu ƙararrakin gaskiya ne. Tashoshi suna da nisa da juna, bishop ya tsufa, kuma cikin mutanensa akwai waɗanda suka shagala da ciniki, akwai ma waɗanda suka aikata mugun laifi. Shi kuwa mutum ne mai sanyin hali. Ya fi son ya ja kunne ya ba da dama, kamar yadda malami yake yi wa ɗalibi, a kan ya kora. Amma masu ƙarar ba su tsaya kan masu laifi ba, suka haɗa kowa suka yi musu kuɗin goro.

Cikin 1890 wasu samarin mishan suka iso daga Ingila. Biyu daga cikinsu, Brooke da Robinson, ƙasar Hausa suke son shiga, har suna sa riga da rawani. Kafin su je ko'ina suka juya kan mutanen bishop. Aka rufe makarantar Lakwaja. Cikin watan Agusta aka yi taro a Anaca. A gaban tsohon, wani saurayi da bai kai sa'an ɗansa ba ya shiga dakatar da limaman da shi ya naɗa, har da Dandeson. Ajayi ya tashi ya ce ya sauka daga kwamitin. Bai ɗaga murya ba. Cikin ɗan lokaci yawancin ma'aikatansa an kore su ko sun bari.

Samarin ba su kai ƙasar Hausa ba. Robinson ya mutu a Lakwaja cikin 1891, Brooke ya bi shi cikin 1892.

Majami'un bakin teku, su Bonny, suka ce za su riƙe kansu da kuɗinsu, ba su ƙara jiran Landan ba. Ajayi ya goyi bayansu. Amma cikin 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891, yana da shekara sama da 80. Majami'un suka kafa ƙungiyarsu cikin 1892, Dandeson yana jagora.

Wanda ya gaje shi Bature ne. An naɗa ƴan Afirka mataimaka, amma sai da aka yi shekara wajen 60 kafin a sake ba wani ɗan ƙasa cikakken shugabanci irin nasa a Najeriya. Cikin 2014, da naɗinsa ya cika shekara 150, shugaban Ikilisiyar Ingila ya tsaya cikin majami'ar Canterbury ya nemi gafara kan abin da aka yi masa.

Gidansa ya ci gaba da fitar da malamai. Surukinsa Thomas Macaulay, mijin ƴarsa Abigail, shi ya buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko cikin 1859. Ɗansu Herbert Macaulay ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya cikin 1923, ya yi ta ja da mulkin mallaka har ya rasu cikin 1946. A garin Oyo akwai jami'a mai sunan Ajayi Crowther. Yaran Yarabawa kuwa, in sun shiga aji ɗaya, malami yana nuna musu inda ake sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, da inda ake sa alama bisa wasali.